Waɗanne fina-finan Turanci ne suka fi tasiri a ƙasar Hausa?

A shekarar 1998 Cibiyar Fina-finai ta Amurka ta fitar da jerin fina-finai ɗari da ta ce sun fi kowanne fice, inda Citizen Kane na 1941 ya zo na ɗaya, Casablanca da The Godfather suka rufa masa baya.

Haka kuma mujallar Sight and Sound ta Birtaniya, wadda ke jin ra'ayin masu sharhi duk bayan shekara goma, ta ɗora Citizen Kane a kan gaba daga 1962 zuwa 2002, kafin Vertigo ya ture shi a 2012.

Sai dai a ƙasar Hausa ma'aunin ya sha bamban. Waɗancan fina-finai sun dogara ne da doguwar zantawa, alhali akasarin masu kallo ba sa jin Turanci. Don haka fim ɗin da ya samu karɓuwa shi ne wanda ido kaɗai ke iya bin labarinsa.

Zamanin kaboyi

An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, kuma fina-finan kaboyi na cikin waɗanda suka fara jan hankalin jama'a. Doki da bindiga da ramuwar gayya ba sa buƙatar tafinta.

Tasirin ya tsallaka iyaka. A 1966 Mustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar ya shirya Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo gida da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka addabi ƙauyensu.

Daga baya Bruce Lee ya shigo da Enter the Dragon a 1973, sannan Rambo da Commando a shekarun 1980. Kaset ɗin bidiyo ne ya fitar da su daga birane zuwa gidajen kallo na garuruwan bakin iyaka irin su Sabon Birni da Isa, inda ake kallo da janareta. Har yau 'yan kallo na kiran mugun cikin fim da sunan "bos".

Addini da tarihi

Amma fina-finai biyu da suka fi ratsa zukata na Mustapha Akkad ne, ɗan asalin Siriya. The Message na 1976 ya ba da tarihin farkon Musulunci ba tare da nuna siffar Annabi (SAW) ba, inda Anthony Quinn ya fito a matsayin Sayyidina Hamza.

Lion of the Desert na 1981 kuwa labarin Umar Mukhtar ne, malamin Libiya da ya yaƙi mulkin mallakar Italiya har aka rataye shi a 1931. Ga jama'ar da Turawa suka ci Sakkwato da yaƙi a 1903, wannan ba baƙon labari ba ne. An fassara fina-finan biyu zuwa Hausa.

Inda Indiya ta yi galaba

Duk da haka, lokacin da masana'antar fim ta Kano ta kankama bayan Turmin Danya na 1990, salon Indiya ta ɗauka, na soyayya da waƙa da rikicin auren dole, domin ya fi kusa da rayuwar Bahaushe.

Ko Titanic na 1997 sai da aka yi masa rigar gida, aka sake shirya shi da Hausa a 2003 da sunan Masoyiyata. Abin da ya ja hankali a cikinsa shi ne budurwar da ake son aurar da ita ga wanda ba ta so.

Yanzu da fassara ta yawaita, kuma fim ke yawo a wayar hannu, shingen harshe ya ragu. Abin jira a gani shi ne ko hakan zai kusantar da zaɓin 'yan kallo da na masu sharhi.