Gahawar manyan taruka: ina rabon manomin Mambila?

Kwanakin baya na halarci wani taron ƙara wa juna sani a Abuja, wanda ya tara mutum kimanin 500. Da aka tashi hutun shan shayi, sai na tarar da abin da ban saba gani ba. Maimakon gwangwanin garin gahawa da butar ruwan zafi, an ɗauko hayar wasu matasa da injinsu, suna niƙa ƙwayar gahawa a gaban mai sha. Ƙamshi ya game zauren, amma layi ya yi tsawo, har aka koma zama da yawanmu ba su kurɓa ba. Da na tambayi ɗayansu inda aka nomo ta, sai ya nuna mini jakar: Yirgacheffe, ƙasar Habasha.

Wannan ita ce ake kira gahawa ta musamman. Wata 'yar kasuwa a Amurka, Erna Knutsen, ta fara amfani da sunan a 1974, kuma a al'adar masu sana'ar sai ƙwararrun masu ɗanɗano sun ba ƙwaya maki 80 ko fiye cikin 100 kafin ta shiga sahun.

Kuskuren masu taron namu na lissafi ne. Injin matse gahawa kofi ɗai-ɗai yake cikawa. Ko da yana sallamar mutum guda a kowane minti, mutum 500 sai sun ci fiye da awa takwas. Babban taro tacewa da yawa yake buƙata: gram 60 na gari ga kowace lita ta ruwan da ya kusa tafasa, a riƙa yi kashi-kashi ana zubawa a fulas, domin gahawar da ta daɗe a kan wuta ɗaci take yi. A wannan ma'auni, lita 75 za ta wadaci zauren, wato kilo huɗu da rabi kacal.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan baƙuwar al'ada ce. Harshe bai yarda da haka ba. Kalmar gahawa kai tsaye muka aro ta daga Larabci. Ita kuwa kofi, kalmar Larabcin ce dai, sai da ta bi ta Turkanci da harsunan Turai kafin Ingilishi ya kawo mana ita, ta zo ta yi karo da kofin da ake zuba ta a ciki. Alhazanmu sun san yadda Larabawa ke shayar da ɗaruruwan baƙi da buta da 'yan finjalai da dabino, al'adar da hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 2015.

Abin da ya fi damuna shi ne waccan jaka. A tsaunin Mambila na Jihar Taraba ana noma irin arabika, wanda shi ne ginshiƙin gahawa ta musamman, kuma Cibiyar Binciken Koko da ke Ibadan, wadda binciken gahawa ke cikin aikinta, tana da reshe a can. Habasha ba a banza ta kai matsayinta ba. A 2006 da 2007 ta ja daga da kamfanin Starbucks kan mallakar sunayen Sidamo da Harar da Yirgacheffe, domin ta san suna dukiya ne.

Shawarata ga jami'o'i da ma'aikatu da masu shirya biki ita ce, duk lokacin da za a ba da kwangilar shayar da baƙi, a yi tambaya biyu: mutum nawa za a iya sallama cikin rabin awa, kuma daga wace gona aka samo ƙwayar? Idan masu saye suka fara neman ta Mambila da sunanta, manomi zai ga dalilin tsinkar nunanniya kaɗai da shanya ta da kyau. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya sa mu gane.