Shin Ana Raɗa wa Kyanwa Suna?

Wannan tambaya tana yawan tasowa a zaurukan karatu, musamman daga 'yan kasuwa masu ajiye kyanwa a rumfa don tsaron hatsi daga ɓarnar ɓera.

Amsa ita ce babu laifi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da taguwa mai suna Ƙaswa'u, da alfadari Duldul, da jaki Ufairu. Har Imamul Bukhari ya ƙulla babi a kan sunan doki da jaki. Kyanwa kuwa ta fi su kusanci da mutum, domin ya zo cikin Muwaɗɗa Abu Ƙatada ya karkata mata ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya kuma bayyana ita ba najasa ba ce. Abu Huraira ma a dalilinta ya sami alkunyarsa: yana kiwon tumakin gidansu yana da 'yar kyanwa, da dare ya ɗora ta bisa itace, da rana ya tafi da ita.

Amma labarin nan da ake yayatawa, wai Annabi yana da kyanwa Mu'izza, har ya yanke hannun rigarsa don kada ya tashe ta, ba shi da isnadi ingantacce. Wanda ya so sunan ya sa, sai dai kada ya jingina shi ga Fiyayyen Halitta.

Larabawa sun yi wa kyanwa sunaye barkatai. Shehu Damiri, wanda ya rasu a Masar shekara ta 808 bayan Hijira, wato 1405, ya kawo cikin Hayatul Hayawan labarin wani Balaraben ƙauye da ya kama ta bai san ko mene ce ba. Wannan ya ce masa sinnauru ce, wancan ya ce hirru, wani ƙiɗɗu, wani khaiɗalu. Ganin yawan sunaye ya tabbata ya yi arziki, ya kai ta kasuwa ya yi mata kuɗi dirhami 100. Aka ce masa rabin dirhami ne darajarta. Ya jefar da ita yana tsine mata. Hausawa ma ba a bar su baya ba: kyanwa, mage, mussa, kuliya.

Inda hatsarin yake shi ne wajen zaɓe. Kada a sa mata sunan Allah, ko na Annabawa, ko na Sahabbai da matan Annabi, don za a kora ta da shi ranar da ta tsoma baki a ƙwaryar nono. Kada kuma a sa sunan maƙwabci ko kishiya don habaici. Ana kiran dabba a tsakar gida, mai sunan tana ji daga ɗaki. Wannan izgili ne, aya ta 11 cikin Suratul Hujurati ta hana shi. Ko Lami da Talatu, in akwai mai amsa su a gidan, a bar mata kayanta.

Abin da ya fi shi ne a dubi launinta ko halinta, a ce Fara, ko Toka, ko Roɗi, gajere mai sauƙin kira. Wasu masana a ƙasar Japan sun gwada, suka wallafa a shekarar 2019 cewa sun iske kyanwar gida tana rarrabe sunanta daga sauran kalmomi, ko da baƙo ne ya kira. Sai dai ba lalle ta taso ba. Sau da yawa kunne kawai take motsawa. Mai son ta riƙa amsawa sai ya kira sunan lokacin da zai ajiye mata abinci.