Jarrabawar lasisin ba da shawara: tambayar sirri ta fi wuya

A zangonnin Ghana, daga Nima har Kumasi, yaro in damuwa ta dame shi, wurin malaminsa yake zuwa. Amma dokar 857 ta 2013 ta ɗora wa Majalisar Masana Halayyar Ɗan'adam rajistar masu sana'ar ba da shawara. Shi ya sa kullum bayan isha'i nake bitar littattafaina.

Ɓangaren ɗa'ar aiki ya fi ɗaure kai. Ɗaliba ta faɗa maka sirrinta, babanta ya zo yana tambaya, me za ka ce? Littafi ya ce ka riƙe amana, sai fa in ana cutar da ita ko rai na cikin haɗari.

To 'yan'uwa malamai, mu nemi lasisin nan. 'Ya'yanmu na buƙatar wanda ya san harshensu da addininsu.