Cibiya da Tabo Bayan Tiyatar Rage Tumbi

Macen da ta haihu 6 ko 7, kamar yadda ake yawan gani a Magami, Tsafe da Bungudu, cikinta ba ya komawa yadda yake. Fata takan saki, tsokoki 2 da suka miƙe daga ƙirji zuwa mara su rabu, wani lokaci cibi ya turo. Da yake hotunan "kafin" da "bayan" sun cika wayoyi, mata masu hali sun fara tambayar tiyatar rage tumbi, wasu har su tafi Abuja, Masar ko Turkiyya. Abin da masu talla ba su cika nunawa ba shi ne tabon, da kuma makomar cibiya.

Likita yakan tsaga mara daga wannan kwankwaso zuwa wancan, ya ɗaga fata har kusa da haƙarƙari, ya ɗinke tsokokin da suka rabu, ya jawo fatar ƙasa ya yanke rarar. Cibiya kuwa ba a cire ta. Ana zagaye ta da wuƙa a bar ta a kan tushenta, sannan a huda sabuwar ƙofa a fatar da aka jawo, a fito da ita a ɗinke. Wato tabo 2 ake tashi da su: dogo a mara, da zobe a kewayen cibiya. A da ba a damu da ita ba. Lokacin da Howard Kelly ya yi irin wannan aiki a Baltimore ta Amurka a 1899, har da cibiyar ya yanke. Sai a 1957 wani likita mai suna Vernon ya bayyana dabarar barinta a fito da ita ta sabuwar ƙofa.

Tabon mara zani yana rufe shi. Na cibiya shi ne mai tona asiri. In ƙofar ta yi faɗi, cibiya ta zama kamar kwabo. In zoben ya tsuke, ramin ya ƙuntata, datti ya riƙa taruwa yana wari. Mafi muni shi ne jini ya kasa isa ga cibiyar, domin bayan yankan, ta tushen nan kaɗai take samunsa. Cibiyar da ta fara yin baƙi ƙirin a kwanakin farko, ko take fitar da mugunya da zazzaɓi, maganarta ta asibiti ce a ranar. Shan taba da ciwon suga da ba a kula da shi ba suna ƙara wannan haɗari, haka ma gyaran cibi a lokaci guda.

Tabo yana ɗaukar wata 12 zuwa 18 kafin ya kwanta. A watannin farko yakan yi tauri, ya yi duhu, ya yi ƙaiƙayi, kuma wannan ba alamar aiki ya lalace ba ne. Amma baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu, irin wanda yake wuce iyakar ciwon ya ci gaba da girma. Duk mun san shi: a kunnen yarinya bayan huji, ko a ƙirjin wanda wanzami ya yi wa tsaga. Wadda jikinta yake yin haka, ko ake yi a danginsu, ta faɗa wa likita tun kafin a sa rana. Yanke irin wannan tabo kaɗai yakan sa ya dawo, sau da yawa ya fi na da, shi ya sa likitoci suke haɗawa da allurar da ake yi cikin tabon. Man silikon ko filastarsa suna taimakawa, amma sai ciwo ya rufe, kuma sai an lizimce su watanni.

A nan ne al'adarmu take iya cutarwa. Mun saba da gashi: gashin cibiyar jariri, ruwan jego mai zafi, tsumma a kan garwashi. Bayan wannan tiyata fatar da ke tsakanin cibiya da mara takan mutu da ji na tsawon watanni, saboda an yanke ƙananan jijiyoyinta. Mace za ta iya ƙonewa har fata ta saluɓe ba ta ji komai ba. Inna ko goggo da ta zo jinya da kyakkyawar niyya, a yi mata bayani da ladabi, a ajiye tsumman. Man shanu, toka da man goge baki su ma ba su da wuri a kan ɗinki. Wadda aka yi wa tiyatar haihuwa a Gusau, wannan gargaɗin ya shafe ta, don gefen ɗinkinta ma yakan yi wannan mutuwar ji.

Ni a ganina, wadda ba ta gama haihuwa ba ta dakata, domin sabon ciki yana iya sake buɗe abin da aka ɗinke. Kuma babbar tiyata ce mai buƙatar komawa wurin likita sau da yawa, abin da ke da wuya ga mai zama a Magami in likitanta yana wata ƙasa. Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa na wancan lokacin, ta rasu a Sifen a watan Oktoban 2005 bayan tiyatar zuƙe kitse, kuma kotu a can ta kama likitan da laifin sakaci. Asibitocin koyarwa na Sakkwato, Kano da Zariya suna da likitocin gyaran fata. Wadda ta je, ta nemi ganin hoton cibiyar masu irin fatarta shekara guda bayan aiki, ta kuma tambayi wanda zai duba ta idan ɗinki ya buɗe bayan ta koma gida.