Abin da ke sa kemo ya daina cin sankarar hanji

Mutumin Horo Birni da aka ɗora wa ruwan kemo a Sakkwato saboda sankarar babban hanji yakan ga sauƙi a karo uku ko huɗu na farko. Jini ya tsaya, bayan gida ya daidaita, hoto ya nuna ƙarin ya motse. Bayan wasu watanni sai ciwo ya dawo, maganin da ya yi aiki jiya yau ko gezau. A gida sai a ce jabu aka saya, ko kuwa jifa ce. Jabun magani akwai shi a ƙasar nan, babu musu. Amma ko a manyan asibitocin Amurka da Jamus, mafi yawan waɗanda ciwon ya riga ya bazu a jikinsu suna gamuwa da wannan turjiya. Tushenta yana cikin shi ƙarin.

Ƙashin bayan maganin wannan ciwo har gobe shi ne 5-FU, wanda Charles Heidelberger ya haɗa a 1957. Ana gama shi da oxaliplatin ko irinotecan a ba mutum duk mako biyu, ko a ba shi ƙwayar capecitabine, wadda ke rikiɗa ta zama 5-FU a jiki, tare da ruwan oxaliplatin duk mako uku. Dukansu aikinsu ɗaya: su lalata DNA na ƙwayar halittar da ke rabuwa, ko su hana ta gina sabo.

Sai dai ƙari ba abu ɗaya ba ne. Miliyoyin ƙwayoyi ne, kowace rabuwa na iya zuwa da ɗan kuskure, har su bambanta da juna. Manomin da ya shekara yana fesa maganin ciyawa iri ɗaya ya san abin da ke biyo baya: mai laushi ta mutu, mai taurin rai ta zubar da iri, baɗi ita ce ta cika gonar. Kemo ma yana share masu jin magani ne, ya bar wa masu turjiya fili.

Hanyoyin turjiyar suna da yawa. 5-FU yana toshe wani sinadari mai suna TS, wanda ke samar da ɗaya daga cikin tubala huɗu na DNA. Ƙwayar da ke ƙera TS da yawa sai ta fi ƙarfin maganin, a toshe goma, ashirin na aiki. Dama kusan kashi 80 cikin 100 na 5-FU hanta ke rusa shi da sinadarin DPD, kuma wasu ƙarin suna ƙera nasu DPD ɗin su ƙarasa ragowar. Oxaliplatin yana ƙulle zaren DNA don kada ya warware, sai ƙwayar ta sa masu gyaranta, cikinsu har da ERCC1, su yanke wurin da ya lalace su ɗinke. Irinotecan kuwa famfo ake sa masa. A jikin bangon ƙwayar akwai famfuna irin su ABCG2 da ke tunkuɗo magani waje kafin ya yi aiki. Wannan ma ba sabon abu ba ne ga hanji, domin tun fil'azal aikinsa ne fitar da gubar da ta shigo cikin abinci, sankarar da ta tsiro daga gare shi ta gaji kayan aikin ne kawai. Sannan akwai p53, wanda ke umartar ƙwayar da ta lalace ta kashe kanta. A sama da rabin masu wannan ciwo ya samu tawaya, don haka magani na iya yi wa ƙwaya rauni ta ƙi mutuwa. A 2017 masu bincike a Shanghai sun ƙara nuna cewa wata ƙwayar cuta ta baki, Fusobacterium nucleatum, na taimaka wa ƙarin ya jure kemo.

Abin da ya fi shafar mu shi ne binciken da likitocin Ile-Ife suka yi tare da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York, aka buga a 2021. Sun gano kashi 28 cikin 100 na majinyatan Najeriya da suka duba suna da nau'in da ake kira MSI, wanda na'urar gyaran kuskuren DNA ɗinsa ta lalace, alhali a babban rumbun bayanan Amurka kashi 14 ne. Wannan nau'i ba ya jin 5-FU shi kaɗai sosai, amma yana jin magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki irin su pembrolizumab. Sun kuma ga tawayar ƙwayoyin gado na dangin RAS ta fi yawa a wurinmu, kuma mai tawayar KRAS, ɗaya daga cikinsu, ko ya sayar da gona ya sayi maganin cetuximab ba zai amfana ba. Binciken na kudu maso yamma ne, kada a ɗauka lallai haka adadin yake a Sakkwato. Duk da haka ya isa gargaɗi cewa ba da magani babu gwaji caca ce da kuɗin talaka.

A nawa ganin, duk waɗannan ba su kai jinkiri nauyi ba. Wanda ya ga jini a bayan gida, basir zai ce, ya sayi jiƙo a kasuwa ya yi ta sha wata da watanni. Kafin ya bi hanyar Boɗinga ya isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ƙarin ya girma, wataƙila ya kai hanta. Girman ƙari kuwa shi ne yawan ƙwayoyi masu turjiya da ke ɓoye a ciki tun kafin ɗigon farko na kemo. Alƙaluman Amurka sun nuna kusan 9 cikin 10 na waɗanda aka kama ciwon bai bar hanji ba suna kai shekara biyar, amma idan ya yi nisa ba su kai 2 cikin 10 ba. Wuƙar likita ba ruwanta da TS ko famfo, muddin an zo da wuri.

Sai kuɗi. Tazarar mako biyu ko uku an auna ta ne don jiki ya farfaɗo kafin ƙarin ya murmure. Majinyacin da ya karɓi karo uku ya tsaya jiran a sayar da rago ko a cire albasa ya ba ragowar ƙwayoyin damar yaɗuwa, kuma ragowar nan su ne masu taurin. Idan ya dawo, magani na biyu ya fi tsada, tasirinsa ya fi gajarta, ga dindiris ɗin hannu da ƙafa da oxaliplatin ya bar masa. Asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya ya fara ne da ta mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, ta hanji ba ta ciki.

Gwajin MSI na farko rini ne da ake yi wa tsokar da aka yanko a ɗakin binciken asibiti, ya kamata a yi wa kowane majinyaci shi kafin a rubuta masa magani. Dangi kuma su nemi likita ya faɗa musu kuɗin duka karon tun farko, a haɗa shi kafin a fara. A binciken Ile-Ife rabin majinyatan a dubura ƙarin yake, inda sau da yawa yatsan likita ke iya taɓa shi. Duk wanda jini ya ƙi tsaya masa a bayan gida, ko ya rame babu dalili, ya je a duba shi kafin ya yanke wa kansa hukuncin basir.