Kwaɗon Kaza A Cikin Gurasa: Abincin Rana Ga Masu Aikin Fadama

Daga watan Nuwamba, da zarar ruwa ya janye an shiga noman rani, yawancin magidanta a ƙasar Auyo ba sa ganin gida da rana. Mutum zai fita bayan sallar asuba da koko ko kunu a cikinsa, ba zai dawo ba sai wajen la'asar, wani ma sai magariba. Haka abin yake a Gamsarka da Ayama da sauran garuruwan da ke shan ruwan aikin noman rani na kwarin Haɗeja, wanda aka gyara aka ƙaddamar a watan Janairun 2023. Ga ban ruwa, ga dashe, ga korar tsuntsu. To amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manomin da ya wuni a kan burodi da lemon kwalba, ko garin kwaki da sukari, kafin azahar ƙarfinsa ya tafi, aikin yini guda sai ya ci masa biyu.

Abin mamaki shi ne, kayan da za su ƙosar da shi suna nan kewaye da shi. Alkama tasa ce, tumatir da albasa da salak da karas a gonarsa ko ta maƙwabcinsa suke, kaji kuma suna yawo a tsakar gida. Shi ya sa a wannan wata muka kawo wa uwargida bayanin wani abincin rana da ba ya cin lokaci, ba ya cin itace, kuma ana cinsa da hannu ɗaya a gindin bishiya: kwaɗon kaza da aka naɗe a cikin gurasa.

Wanda ya je Kano ko Dutse ya ga samari suna layin sayen shawarma, to ɗan uwan wannan ne. Shawarma abincin mutanen Sham da Turkiyya ne, nama da ganye a naɗe cikin siririyar gurasa. Mutanen Indiya suna da irin tasu, mutanen Meziko ma suna yi da garin masara. Mu kuwa ba baƙin abin ba ne. Gurasa ta daɗe a ƙasar Hausa, sunanta ma daga Larabci ya zo, kwaɗo kuma iyayenmu mata sun gaje shi. Haɗa su wuri guda ne kawai sabo. Kuma a ganina namu ya fi na birni dacewa da zafin ƙasarmu, domin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ba sa lalacewa da wuri kamar bama.

Gurasar tukuna

Gurasar tanderu da ake tallanta tana da kauri, in aka ce za a naɗe ta sai ta karye. Dabarar ita ce a yayyafa mata ruwa kaɗan, a ɗora a kasko ta ji ɗumi, sannan a tsaga gefenta da wuƙa a buɗe cikin kamar aljihu, a zuba kwaɗon a ciki.

Amma wadda ta fi daɗin naɗewa ita ce siririya da uwargida za ta yi da kanta, kuma ba ta bukatar yis balle tanderu. A sami garin alkama gwangwanin madara 3, a tankaɗe. A sa gishiri kaɗan da man gyaɗa cokali 2, a zuba ruwan ɗumi gwangwani guda ko ya ɗan ɗara, a kwaɓa da hannu sosai har ƙullin ya daina kama yatsa. A rufe shi ya huta kamar minti 20. Wannan hutu kada a tsallake shi, shi ne ke sa ƙullin ya miƙu ba tare da ya yage ba. Sai a raba gida 6, a barbaɗa gari a bayan tire, a murza kowane curi da kwalba mai tsabta har ya yi faɗi da sirantaka kamar faifai. A ɗora kasko a wuta ba mai, a gasa kowane gefe kamar minti ɗaya. In ta fara kumbura ta yi ɗige-ɗigen ja, ta yi. Ana saukewa a jera su cikin ƙyalle mai tsabta a rufe, tururin ne zai bar su da laushi. Wadda aka bari a buɗe a iskar hunturu, kafin a juya ta zama ƙanzo.

Garin alkamar gida da aka niƙa da dusarsa ya fi fulawa riƙe ciki, sai dai yakan sha ruwa fiye da ita, kuma gurasarsa ba ta kai ta fulawa laushi ba. Mai so tana iya haɗa rabi da rabi.

Haɗa kwaɗon

Rabin kaza dafaffiya ya ishi mutum huɗu, kuma a nan ribar abin take. Kazar da in an sa ta a miya maigida da baƙo za su cinye tsokar a bar wa yara ƙafa da wuya, in an zare ƙashi aka yayyaga naman ƙanana, kowa zai samu a kowace loma. A dafa ta da albasa da citta da tafarnuwa da gishiri har sai an tsaga wajen cinya ba a ga ja ko jini a jikin ƙashi ba. Romon kada a zubar, ya shiga miyar dare.

Sai a yanka salak kai 2, da tumatir 3, da albasa guda, a goge karas 2. In akwai gurji ko lansir ko lawashi a ƙara. Tumatir a matse 'ya'yan da ruwan cikinsa, in ba haka ba zai jiƙa gurasar ta ɓarke a hannu. A daka ƙuli-ƙuli cikin gwangwani guda ya yi laushi, a haɗa da yaji da gishiri gwargwado. A zuba naman a kwano, a barbaɗa garin ƙulin, a sa man gyaɗa cokali 3, a matse lemon tsami guda, a juya. Ganye shi ne ƙarshen shiga, domin gishiri yana sa shi ya saki ruwa ya yi yaushi.

Wajen naɗewa, a shimfiɗa gurasa, a zuba kwaɗo ludayi guda a tsakiya a tsaye, kada a cika. A lanƙwaso gindin sama, a jawo gefen dama, a naɗe zuwa hagu kamar tabarma. In kaza da gurasa suna nan a shirye, duk aikin bai wuce minti 15 ba.

A dubi ƙuli-ƙulin da kyau kafin a daka. Wanda ya yi fumfuna, ko yake ɗaci, ko warin daɗewa, a zubar. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da wani dafi mai lalata hanta sannu a hankali, kuma suya ba ta kashe shi. Gishiri kuma a yi amfani da na leda mai sinadarin aidin, wanda aka wajabta a Nijeriya tun 1993 don maganin maƙoƙo.

Kowane abu a cikin wannan naɗi yana da aikinsa. Alkama tana ba da ƙarfin aiki. Kaza da ƙuli-ƙuli su ke gina jiki. Karas da ganye suna taimakon ido da fata, amma jiki ba ya iya ɗaukar amfaninsu sosai sai da maiƙo, shi ya sa man gyaɗan ba don daɗi kaɗai aka sa shi ba. Lemon tsami kuma yana taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarin jini da ke cikin ganye da gyaɗa, abin da masu ciki da masu shayarwa suke matuƙar bukata.

Inda haɗarin yake

Yanzu ga maganar da ta fi duk wadda ta gabata muhimmanci. Tuwo da miya sun bi ta wuta, shi kuwa salak ɗanye ake cinsa. Duk abin da ke jikinsa, cikinka zai tafi.

Ruwan kwata da na kogi da ake ban ruwa da shi, dabbobi suna sha, ana wanki da wanka a ciki, wasu ma har bayan gida suke yi a gefensa. Ganyen da aka ɗauraye a irin wannan ruwa yana iya kawo zazzaɓin taifot, da atini, da tsutsar ciki, da amai da gudawa. Ba mu manta da shekarar 2021 ba, lokacin da Jigawa ta kasance cikin jihohin da kwalara ta fi yi wa ɓarna a ƙasar nan. Don haka a ɓare salak ganye-ganye, a zubar da na waje, a wanke kowane ɗaya da ruwan famfon tuƙa-tuƙa ko wanda aka tafasa ya huce, a sake ruwa har sau uku. Mata da yawa suna jiƙa shi a ruwan gishiri. Yana da kyau, yakan kakkaɓe ƙwari da ƙasa, amma kada a ɗauka yana kashe ƙwayar kwalara. In aka ji labarin amai da gudawa a gari, ko bayan ambaliya irin ta 2022 lokacin da rijiyoyi suka gurɓata, a bar ɗanyen ganye gaba ɗaya. A yi kwaɗon da dafaffen zogale ko rama, ko kabejin da aka turara. Daɗin bai ragu ba.

Haka nan ganyen da aka yi wa feshin maganin ƙwari jiya ko shekaranjiya ba na ci ba ne. A jikin kowace kwalbar magani an rubuta kwanakin da za a jira kafin a ɗebi amfanin gona. Wanda ya yi feshi kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci, musamman wannan da ake riƙewa a hannu.

Wuƙa da farantin da aka gyara ɗanyar kaza da su, kada su taɓa ganye sai an wanke su da sabulu. Ɗanyar kaza tana ɗauke da ƙwayoyin cuta ko da lafiyarta ƙalau. Dahuwa tana kashe su, amma in suka bi wuƙa suka hau salak, sun tsira. Kazar da ta kwanta ciwo kuwa, wadda ake gaggawar yankawa don kada a yi asara, kamar yadda aka saba lokacin annobar kaji ta hunturu, ba ta shiga wannan abinci ba. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya a 2006 malaman dabbobi suke gargaɗi a kan haka.

Sai maganar lokaci. A cikin zafi, ƙwayar cuta guda da ta sami dafaffen nama tana iya rabuwa biyu duk minti 20. Ku lissafa: daga ƙarfe 6 na safe zuwa ƙarfe 1 na rana, awa 7 ke nan, ƙwaya ɗaya ta haura miliyan 2. Kuma naman ba lalle ya yi wari ba. Masana lafiyar abinci sun ce dafaffen nama kada ya wuce awa 2 a ajiye ba cikin firji ba, in zafi ya haura digiri 32 ma awa ɗaya ce. Mu kuwa a watannin Maris da Afrilu zafin ƙasar Haɗeja yakan haura 40. Ke nan naɗa kwaɗon kaza da asuba a rataya a bishiya sai azahar, ganganci ne.

Hanya biyu ce. In gonar tana kusa, uwargida ta haɗa wajen ƙarfe 12, yaro ya kai a ci nan take. In tana da nisa, a koma ga dabarar kakanni, wato dambun kaza. A daka dafaffen naman a turmi, a soya shi da mai da yaji a kan wuta kaɗan-kaɗan har ruwan jikinsa ya ƙone ƙurmus. Naman da ya bushe haka yana yin kwanaki a kwano mai murfi, shi ya sa matafiya suke guzuri da shi. Maigida ya tafi da gurasa a ƙyalle, dambu da garin ƙuli a ƙaramin kwano, mai a 'yar kwalba, wankakken ganye daban, tumatir da albasa kuma ba a yanka ba. In rana ta take ya wanke hannu, ya yanka, ya haɗa abinsa. Kazar da ta rage da daddare a gidan da ba firji, ita ma a mai da ita dambu a daren, kada a bar ta ta kwana da romo. Ɗumame yana kashe ƙwayoyin cuta, amma akwai dafin da wasunsu suke bari wanda wuta ba ta karya shi.

Abin naɗewa kuma ya zama ƙyalle mai tsabta ko kwano mai murfi. Takardar buhun siminti da tsohuwar jarida, har da wannan da kuke riƙe da ita, ba su dace ba, maiƙo yana jawo tawada cikin abinci.

Ba kullum ake yanka kaza ba, kowa ya sani. Ranar da babu, ƙwai 4 da aka dafa suka yi tauri za su tsaya a madadinta, a tafi da su cikin ɓawonsu a ɓare a gona. Zabo ma yana yi. Mu da Allah ya ba kogi, ga busasshiyar tarwaɗa: a wanke ta da ruwan zafi, a tsince ƙaya sosai saboda yara, a ɗan soya ta da albasa. Awara da dafaffen wake su ma suna shiga, sai dai su kamar kaza suke, ba sa jure zaman rana. Yaron makaranta kuwa a rage masa yaji, a yanka masa naɗin gida biyu yadda hannunsa zai iya riƙewa, a kuma gaya masa ya ci a tarar farko.