Zoben jinin da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa: kowa da irin nasa

Duk wanda ya taɓa zaman jinyar mai shanyewar ɓarin jiki, a Babban Asibitin Katsina ne ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da har yanzu mutanen gari ke kira FMC, ya san irin hirar da 'yan jinya ke yi a baranda. Wane an ce jijiyar wuyansa ta toshe, amma ga shi can yana harkokinsa a kasuwa. Wane kuwa, da ciwo iri ɗaya da shekaru kusan ɗaya, dare ɗaya hannu da ƙafa suka saki, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Daga nan sai a fara zancen iska ko jifa, domin ido bai ga abin da ya raba su ba. Sau da yawa abin da ya raba su yana kwance ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kuma tun suna cikin mahaifa aka shimfiɗa shi.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana shan kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da rumbun ajiya. Jini kusan mililita 750 ke ratsa ta a kowane minti. In ya yanke, cikin daƙiƙu kaɗan mutum zai sume, cikin mintuna ƙwayoyinta su fara mutuwa. Manyan jijiyoyi huɗu ne ke kai mata wannan jini. Biyu suna hawa ta gaban wuya, dama da hagu, su ne karotid, waɗanda za ka ji bugunsu in ka ɗora yatsa a gefen maƙogwaro. Biyu kuma suna bi ta cikin ƙasusuwan wuya ta wajen ƙeya, su shiga ƙoƙon kai su haɗe su zama guda, wadda likitoci ke kira basila. A gindin ƙwaƙwalwa sai wasu ƙananan jijiyoyi uku su ƙulla su duka: ɗaya a gaba tana haɗa dama da hagu, biyu a gefe suna haɗa gaba da baya. Abin da ya fito shi ne zobe, kamar shataletalen Ƙofar Ƙaura a Katsina: in an rufe hanya ɗaya, mota ta zagaya ta fita ta wata.

Sunan wani likitan Ingila, Thomas Willis, aka liƙa wa zoben, saboda littafinsa na 1664 a kan ƙirar ƙwaƙwalwa, wanda Christopher Wren ya zana wa hotuna. Ba shi ya fara ganin zoben ba, amma shi ya fahimci amfaninsa. Ya ba da labarin wani mutum da aka buɗe gawarsa aka tarar jijiyar wuyansa ta ɓangare ɗaya ta daskare ta toshe, alhali bai taɓa shanyewa ba a rayuwarsa, domin ɗaya ɓangaren ya ɗauki nauyin. Kafin zamanin Willis an daɗe ana tafka kuskure a wannan wuri. Galen, babban likitan zamanin Rumawa, dabbobi yake feɗewa, ya ga wata raga ta ƙananan jijiyoyi a gindin ƙwaƙwalwarsu, ya rubuta cewa haka mutum yake. Fiye da shekara dubu ana karantar da wannan, har Andreas Vesalius ya ƙaryata shi a littafinsa na 1543. Ragar nan gaskiya ce, amma a kan rago da sa take. Ke nan kan ragon layya da ake dafawa a gidajenmu yana ɗauke da abin da ya ɓatar da likitocin duniya ƙarni da ƙarni.

Sai dai zoben da ake zanawa a littafi, cikakke, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa, ba shi ne a kan yawancinmu ba. Binciken gawawwaki da hotunan na'ura a ƙasashe da dama sun nuna cewa masu cikakken zobe irin na littafi ba su kai rabin mutane ba. Ɗalibin likitanci a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua zai haddace zanen ya ci jarrabawa, amma ranar da ya fara duba hotunan kawunan mutane na gaske zai ga kowa da irin nasa.

Bambancin da aka fi samu yana a jijiyoyin nan biyu na gefe masu haɗa gaba da baya. A wasu mutane ɗaya siririya ce kamar zare, a wasu babu ita sam. A wasu kuma akasin haka ne: ta yi kauri har ita ce ke ciyar da bayan ƙwaƙwalwa. Wannan yana da dalili mai ban sha'awa. A makonnin farko na ciki, jijiyoyin gaba ne ke ciyar da bayan ƙwaƙwalwar ɗan tayi, sai daga baya jijiyoyin ƙeya su girma su karɓi aikin. A wajen mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar, wannan miƙa aiki bai kammala ba, a gefe ɗaya ko duka biyu, kuma haka zai rayu har tsufa ba tare da ya sani ba. Ranar da abin zai bayyana ita ce ranar da gudan jini ya ɓalle daga jijiyar gaban wuya. Maimakon ya tsaya a wuraren da aka saba, yana iya wucewa can baya inda cibiyar gani take, mutum ya wayi gari ba ya ganin rabin abin da ke gabansa, alhali idanunsa lafiya lau. Mai irin wannan ciwo sau da yawa asibitin ido zai fara nufa.

Jijiyoyin ƙeya ma ba kasafai suke zuwa kai ɗaya ba, ta hagu ce ta fi yawan rinjaye. A gaban zoben kuma akan sami wanda reshe ɗaya ya tsumbure, sai gefe guda ya riƙa ciyar da goshin ƙwaƙwalwa dama da hagu ta 'yar jijiyar tsakiya. Jinin da ke matsa mata kullum yana iya sa bangonta ya kumbura ya yi ƙululu, kuma wurin na cikin inda aka fi samun irin kumburin da ke fashewa ya jawo ciwon kai mai tsanani farat ɗaya. Akwai kuma wata da ba a cika gani ba, mai sunan likitan Faransa Gérard Percheron: jijiya guda tilo mai ciyar da tsakiyar ƙwaƙwalwa ta ɓangarorin biyu, wadda toshewarta kan jefa mutum cikin barcin da ake kasa tashinsa.

A ganina, wanda aka yi wa hoton kai aka rubuta masa cewa wata jijiya siririya ce ko babu ita, bai kamata ya hana kansa barci ba. Wannan halitta ce, ba ciwo ba, kuma babu ƙwaya ko tsimi da zai tsirar da jijiyar da ba a haife ka da ita ba. Amfanin sanin yana wajen likita: mai shirin yin tiyata a wuya ko a ƙwaƙwalwa dole ya san ko akwai hanyar zagaye kafin ya matse wata jijiya. Tun 1927, lokacin da Egas Moniz na Fotugal ya fara ɗura ruwa mai bayyana a hoto cikin jijiyar wuya, ake iya ganin wannan taswira a jikin mai rai. Yau na'urorin CT da MRI ke yin aikin.

Abin da ke tona asirin zobe mai rauni shi ne abin da ke lalata manyan jijiyoyin, kuma a ƙasarmu sunansa hawan jini. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Gana, har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi, ya bayyana a 2018 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar jiki a yankin na da alaƙa da hawan jini. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka duba kuwa fashewar jijiya ce ta same su, ba toshewa ba. Alamomin biyun suna kama, maganinsu kuwa hannun riga ne, sai hoto ke raba su. Allurar narkar da gudan jini tana da wa'adin awa huɗu da rabi daga fara ciwon, wa'adin da kan ƙare ana tofi da hayaƙi a gida.

Ga yara kuma akwai sikila. Ana haifar jarirai wajen 150,000 da ita a Nijeriya kowace shekara, kuma in ba a ɗauki mataki ba, kusan ɗaya cikin goma na masu nau'inta mai tsanani kan shanye kafin shekara 20. Wurin da cutar ke ƙuntatawa shi ne daidai ƙarshen jijiyar karotid da rassanta, wato gaban zoben Willis. Jijiya in ta ƙuntata, jini kan ƙara gudu a cikinta, kuma ana iya auna wannan gudu da wata ƙaramar na'urar sauti da ake ɗorawa a gefen kai, tsakanin ido da kunne, inda ƙashi ba shi da kauri. Babu allura, babu yanka. Gudun da ya kai santimita 200 a daƙiƙa alamar haɗari ce. Wani bincike a Amurka a 1998 ya nuna cewa ƙarin jini a kai a kai yana rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin 100, amma wane uba ne a Katsina zai iya samar da jini leda bayan leda duk wata, shekara da shekaru?

Wannan ta sa likitocin Kano da Kaduna, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka gwada maganin haidiroksiyuriya a kan yara 220 da gwajin na'urar sautin ya nuna suna cikin haɗari. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa ƙaramin awo, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro, bai gaza wanda ya ninka shi ba wajen hana shanyewa. Ƙa'idar ita ce a yi wa yaro mai sikila gwajin na'urar sautin sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16, kuma uwar da ke kai ɗanta asibitin yara na Turai 'Yar'adua ko Asibitin Koyarwa tana da haƙƙin ta tambayi likita inda za a yi masa.